Kufan Rumawa da Kufan Kakanni

Shekara 26 ya yi yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a kwalejojin jihar Doso, kafin ya ajiye alli ya koma gidan ubansa a Kore Mairuwa, bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso ta nufi Dogon Dutsi. Cikin waɗannan shekaru duka, duk sa'ad da aka kai darasin daular Rum a ajin farko na kwaleji, yakan keɓe rana guda domin labarin Pompeyi, garin da dutse mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa. Ba tsarin karatu ne ya tilasta masa ba. Hasali ma ƴan layuka kaɗan littafin ya ba garin, da hoto guda baƙi da fari na wani titi mai daɓen duwatsu, dutsen kuma yana can baya. Littafin kuwa ɗaya ne tak a ajin, sai ya riƙa zagayawa da shi tebur-tebur, yara suna leƙe.

Wahalar darasin ita ce yaran Arewa ba su san dutsen da ke motsi ba. Wanda suka sani shi ne na Dogon Dutsi, da yake zaune inda yake tun kaka da kakanni, bai taɓa ce wa kowa ci kanka ba. Saboda haka sai malamin ya ari abin da suka sani. Yakan ce su tuna jan hadarin ƙurar nan da ke tasowa daga gabas gabanin ruwan farko, wanda ke mai da la'asar dare har kaji su nemi akurki. To, su ɗauka ƙurar mai zafi ce, tsakuwa take zubarwa, kuma ba ta wucewa sai ta wuni ta kwana. Idan ya zo kan hayaƙin da ya tashi daga bakin dutsen, wanda wani da ya gani da idonsa ya kamanta da wani itacen ƙasarsu mai dogon jiki da buɗaɗɗen kai, sai ya ce musu giginya ce, amma mai tsawon kilomita 30. Yara su bushe da dariya. Har yau akwai manyan ma'aikata, wasu har da furfura, da in sun gamu da shi a tasha sukan rusuna su ce, «Mushe, ina labarin giginyar nan?»

Ɗansa na fari, wanda bai taɓa ambaton sunansa ba saboda alkunya irin ta mutanen da, ya shekara goma sha ɗaya a Napoli ta ƙasar Italiya, yana aikin sauke kaya a kasuwar kayan lambu. Da ya samu takardun zama, ya yi aure, aka haihu, sai ya aiko wa uban da tikitin jirgi ya zo ya ga jika. Bayan ƙaramar Salla ta 2025, cikin watan Afrilu, dattijon ya sauka. Da gajiyar tafiya ta sake shi, ɗan ya tambaye shi, «Baba, ina kuke so a kai ku? Birnin Rum, ko bakin teku?» Ya ce a kai shi Pompeyi. Saurayin ya yi ɗan jim, domin duk shekarun nan garin yana nan kusa da shi, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafa ba. Ya ce, «Kufai ne fa, Baba. Gidaje ne ba rufi.» Uban ya ce ai ya sani, shekara 26 yana faɗa wa ƴaƴan mutane abin da bai gani ba, kuma gani ya kori ji.

Ƙaramin jirgin ƙasa ne ke tashi daga Napoli ya bi gindin dutsen, wanda mutanen wurin ke kira Besubiyo. Tsawonsa mita 1,281, amansa na baya-bayan nan kuwa a watan Maris na 1944 ya yi shi, wato bai mutu ba, barci yake. Duk da haka gidaje sun hau jikinsa, dubban ɗaruruwan mutane suna kwana suna tashi a inda hukuma da kanta ta ce shi ne wuri mafi haɗari. Dattijon ya so ya yi mamaki, sai ya leƙa ta taga ya ga inabi da tumatir da lemo cikin baƙar ƙasa mai taushi. Wanda ya tashi a Dallol Mawri, ya ga yadda mutane ke komawa su sake gini a bakin fadama shekarar da ta biyo bayan ambaliya, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sun shiga ta Ƙofar Teku, mai baki biyu, ƙarami na masu ƙafa, babba na dabbobi da kaya. Tun watan Nuwamba na 2024 masu kula da wurin suka ƙayyade cewa kada baƙi su wuce 20,000 a rana. Malamin ya yi lissafi a zuci: mafi shaharar ƙiyasin mazauna garin a lokacin da yake da rai shi ne wajen mutum 11,000. Ke nan a ranar cunkoso masu kallon kufan sun fi waɗanda suka gina shi yawa.

Labarin ranar ya san shi kamar yunwar cikinsa. Shekara 17 kafin aman, wato a shekara ta 62, girgizar ƙasa ta rushe gine-gine da dama, kuma har ranar ƙarshe ana cikin gyara. An tarar da tulin farar ƙasa da kayan magina a gidaje. Da tsakar rana dutsen ya buɗe baki. Kusan sa'a 18 ana ruwan wata irin tsakuwa mara nauyi mai huhhuje, tana taruwa bisa rufin gidaje har azara ta karye. A cikin wannan lokaci ne mafi yawan mutane suka tsere. Waɗanda suka tsaya, ko don tsufa, ko don dukiya, ko don ba su da izinin tafiya, da asubahin gobe wata iska mai ƙuna haɗe da toka ta gangaro daga dutsen da gudun da ba mai tsere masa, ta gama da su. Garin ya kwanta ƙarƙashin mita 4 zuwa 6 na toka da tsakuwa. Abin da aka sani na yadda ranar ta kasance ya fito ne daga wasiƙu biyu da Pliniyus Ƙarami ya rubuta wa masanin tarihi Tasitus bayan wajen shekara 25. Yana ɗan shekara 17 ya hangi abin daga Misenum, a ƙetaren ruwa. Kawunsa Pliniyus Babba, shugaban jiragen yaƙin wurin, ya tafi ceto ya mutu a gaɓar Sitabiya. Ko ranar ma ana gardama a kanta. An daɗe ana cewa 24 ga Agusta ce, sai a 2018 aka tono wani rubutun gawayi a bango mai kwanan wata na 17 ga Oktoba, ga kuma ƴaƴan itatuwan kaka da aka tarar, wasu masana suka koma cewa Oktoba ce, wasu kuma har yanzu suna kan Agusta. Shi dai Agusta ya sa yara suka rubuta a littattafansu, har ya rage maki ga wanda ya manta.

Dandalin tsakiyar gari da ginshiƙansa da ɗakunan bautarsa bai tsaya a kansu ba sosai. Su ne Rum ɗin da ke cikin littafi, kuma bai ga abin da suka ƙara masa ba. Titi ne ya kama shi. An daɓe shi da manyan baƙaƙen duwatsu, kuma ƙafafun amalanke sun ci dutsen sun yi kwari biyu, a wasu wurare zurfin ya isa mutum ya sa tafin hannu ya ɓace. A mararraba an jera duwatsu masu tudu, domin mai tafiya ya tsallaka ba tare da ya taka ruwa da ƙazantar titi ba, an kuma bar tazara daidai yadda amalanke zai wuce. Ya tsallaka, ya dawo, ya sake tsallakawa, ɗansa yana kallonsa yana jin nauyin idon mutane.

Sai wurin ɗibar ruwa. Akwai irinsu wajen 40 a garin, kowane da kwamin dutse mai kusurwa huɗu, ruwan kuma daga duwatsu masu nisa aka jawo shi ta magudana, ya shigo gari ta bututun darma. A gefen wani kwami, daidai inda mai ƙishi zai dafa ya sunkuya ya kai baki, dutsen ya lotsa ya yi santsi. Ba maƙeri ko magini ne ya sassaƙa shi ba, hannuwa ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Dattijon ya sa nasa hannun, ya zauna daram cikin gurbin. Nan take ya tuna da tsohuwar rijiyar unguwarsu, da gungumen da aka gitta a bakinta, wanda igiyar guga ta yi wa zane-zane masu zurfi, har kowace mace ta san gurbin da take sa tata igiyar. Da aka zo aka ɗaure rijiyar da siminti, gungumen nan wuta aka sa masa aka dafa abincin maginan. Yana nan tsaye aka faskara shi, yana malamin tarihi, bai ce komai ba, domin bai taɓa zaton tarihi ba ne.

Gidajen burodi sun fi 30. A ɗaya daga ciki an tarar da burodi 81 a cikin tanda, sun zama gawayi amma da siffarsu, kowane an tsaga shi kashi takwas. Maniƙan suna nan tsaye, na baƙin dutse, dutsen sama kamar turmi biyu da aka haɗa gindi da gindi, da ramin da ake zura itace a ɗaura wa jaki ya yi ta zagaye. A ƙarshen 2023 masu tono suka ba da labarin wani gidan burodi da suka gano, ƙuntataccen ɗaki mai ƴan tagogi can sama da sandunan ƙarfe, inda ake kulle bayi tare da jakuna, an ma sassaƙa gurabe a daɓen domin daidaita zagayen dabbar da aka rufe wa ido. Bai taɓa faɗa wa ɗalibansa wannan ba. Rum ɗin da ya koyar ta sarakuna ce da dokoki da hanyoyi. Wanda ya niƙa garin burodin ba ya cikin jarrabawa. Kuma ya san dalilin da ya sa abin ya dame shi fiye da kima: a ƙasarsa ma sai a 2003 doka ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma akwai gidajen da kowa ya san wa ke yi musu niƙa a da, amma ba a faɗa.

Daga nan suka wuce shagunan abinci, masu dakali da aka binne manyan tuluna a ciki, inda talakan da ba shi da murhu a ɗakin haya ke saye ya ci a tsaye. Ɗan ya ce ai waɗannan masu tuwon tasha ne, uban ya ce bai yi ƙarya ba. Suka leƙa gidan wanki, inda ake tattake tufafi da ƙafa cikin tsohon fitsari domin ya cire maiƙo. Suka kai filin wasa mai cin mutum 20,000, inda a shekara ta 59 ƴan kallo na Pompeyi da na maƙwabciyarta Nuseriya suka kaure da faɗa har aka yi kisa, majalisar Rum ta hana wasan shekara goma. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ranar da alƙali ya yanke abin da mutanen wata jiha ba su yarda da shi ba, ya san yadda irin wannan ke farawa.

Bangayen garin cike suke da rubutu, dubbai. Akwai na neman ƙuri'a da jan fenti, inda masu sana'a ɗaya ke haɗuwa su ce wane suke so. Akwai lissafin bashi, da zagi, da gaisuwa, da na masoya. Wanda ya tsaya masa a rai shi ne na ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro: haruffan abacada a jere, wani lokaci a karkace, wani lokaci an tsaya a tsakiya. A 2024 kuma aka gano zanen gawayi na yara ƙanana, da siffar ɗan hannu da aka ɗora a bango aka zagaye yatsun. Duk malamin da ya taɓa kama yaro yana ɓata bangon aji ya san hannun nan. Ya yi tunanin sau nawa ya sa aka goge.

Azahar ta gota sa'ad da suka isa wani lambu a kudancin garin, kusa da ganuwa. A nan ne abin ya sauya.

An fara tonon Pompeyi a 1748, kuma a farkon lamarin neman gumaka da zane-zane ake yi domin fadar sarkin Napoli. Ƙasusuwa ba su dami kowa ba sosai. A 1863 Giuseppe Fiorelli, wanda ya shigo da tsari cikin aikin, ya lura da cewa tokar da ta daskare a jikin mamaci takan bar rami mai siffarsa bayan naman ya narke. Sai ya sa aka riƙa zuba kwaɓin farar ƙasa, irin wadda likita ke ɗaure karaya da ita, cikin ramin, in ta bushe a fasa tokar. Abin da ke fitowa shi ne mutum kamar yadda ajali ya same shi, da lanƙwasar rigarsa, da igiyar takalminsa, wani har da yanayin bakinsa. An tono gawarwaki fiye da 1,000 a garin, an yi wa sama da 100 wannan aikin. A lambun nan mutum 13 ne, manya da yara, da aka gano a 1961, suna kwance a jere bayan gilashi. Sun tsira daga ruwan tsakuwa, sun fito suna tafiya a bisansa suna neman ƙofar gari, iskar ta cim musu. Na ƙarshe ya dogara da hannu yana ƙoƙarin tashi.

Mutane sun yi cincirindo, kowa ya ɗaga wayarsa. Wasu suna juya baya ga gilashin domin fuskarsu ta fito tare da matattun. Dattijon ya yi salati a hankali. Shi mutum ne da ya wanke gawa ba sau ɗaya ba. Ya san yadda ake kange wurin da zana, yadda ake rufe al'aura ko da mai wanka shi kaɗai ne, yadda ake gaggauta kai mutum makwancinsa kafin rana ta juya. A Hausa ma sunan abin sutura, wato rufi. Ga yaro nan kwance da bai wuce shekarun ɗan ajin farko na lakwal ba, shekara sittin da wani abu ana kallonsa. Hannunsa ya kai ga mayafin da ya yafa saboda sanyi, kamar zai cire. Ɗan ya lura, ya ce, «Baba, ba gawa ba ce. Farar ƙasa ce aka zuba.» Uban ya ce, «Ƙasusuwan suna ciki.» Haka kuwa abin yake.

Sai dai gaskiyar da bai iya ɓoye wa kansa ba ita ce ya fi kowa daɗewa a wurin. Ayari uku na baƙi suka zo suka wuce yana tsaye. Ya ƙi abin, amma bai iya ɗauke ido ba, domin duk karatunsa bai taɓa kusantar mutumin da ya rayu shekara dubu biyu da suka wuce kamar haka ba. Malaman zaure sun karantar da shi tun yana yaro cewa kufan waɗanda halaka ta auka wa ba wurin shaƙatawa ba ne, in an bi ta ciki a bi da tsoron Allah. Malaman boko kuma sun karantar da shi cewa abin da ba a duba ba ba a san shi ba. Bai taɓa jin karatun biyu sun ja shi gefe biyu a lokaci guda ba sai a gaban gilashin nan.

Kallon ma yana ruɗi. Akwai wani gida da aka tarar da babba mai munduwar zinariya da yaro a cinyarsa, aka shekara da shekaru ana cewa uwa ce da ɗanta. A watan Nuwamba na 2024 masu binciken ƙwayoyin gado suka bayyana cewa namiji ne, kuma ba shi da dangantakar jini da yaron. Masu rai ne suka ga abin da suke so su gani. Wannan ya tuna masa da Gobero, can cikin Tenere, inda ayarin Paul Sereno ya ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a 2000, aka kuma tono kabarin mace da yara biyu suna rungume da juna tun wajen shekara 5,000. Amma su waɗancan danginsu ne suka kwantar da su haka da hannunsu, har an sami alamar furanni a ƙarƙashinsu. Na Pompeyi ba wanda ya rufe musu ido.

A jirgin komawa bai yi magana ba. Tunaninsa ya koma gida, domin Arewa ma ta ga tata ranar. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta hauro Dallol Mawri tana ƙone garuruwa, ta yada zango a Matankari, a watan Afrilu ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Shekara 126 kacal ke nan. Amma me ya rage da za a dafa da hannu? Garin zana da kara da laka, wuta ta ci rabi, damina ta narkar da saura, gara ta ƙarasa. An san sunan kaftin biyu, an san Sarauniya, musamman tun da Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a 1980, Med Hondo kuma ya yi fim a 1986. Tun 2006 Lugu yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Sai dai wadda ta ɗora tukunya a safiyar ranar, da abin da ke cikin tukunyar, da yaron da ke wasa a bakin danga, babu tokar da ta adana su. Bala'in Rumawa ya kashe ya ajiye. Namu ya kashe ya share.

Ba ya cikin masu cewa laifin laka ne kawai. Gaskiya ne ruwan 2024 ya kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, cikin watan Satumba. Amma ƙasar Nijar ba ta rasa abin da ke binne ba. A Bura, wajen Tera, an gano maƙabartar tuluna a 1975, Boubé Gado ya yi tono na ilimi a 1983, duniya ta ga mahayin dokin yumɓun nan; abin da ya biyo baya shi ne masu haƙa da dare, da dillalai, har kayan Bura suka shiga jerin kayan tarihin Afirka da aka fi sata. Pompeyi kanta ba ta tsira ba: bama-bamai sun faɗa mata a 1943, wani sanannen gini ya rushe bayan ruwan sama a 2010, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na garin har yanzu yana ƙarƙashin toka, da yawa daga masana suna ganin ya fi lafiya a can. Duk abin da aka tono, daga ranar ya fara tsufa.

Ya dawo Kore Mairuwa ana tsakiyar bazara. Bayan ƴan barka da zuwa sun ragu, ya tafi gaida gwaggonsa, ƙanwar ubansa, wadda ta doshi shekara casa'in, idonta ya rage amma hankalinta garau. Ya zauna a bakin tabarma ya riƙa nuna mata hotuna a waya. Ginshiƙai ba su burge ta ba. Da aka zo kan maniƙa ta sa aka matso da wayar, ta ce, «Jaki ke niƙa? Ashe matan garin sun huta.» Ya ce da bayi a ciki. Ta ce, «To.» Shi bai ɗauki hoton mutanen lambu ba, amma ɗan ya ɗauka ya turo masa, kuma yatsa ya zame hoton ya fito. Ta daɗe tana dubawa kafin ta gane abin da take gani, sannan ta ture wayar da bayan hannu.

«Ba a binne su ba?»

«Toka ta binne su, Gwaggo. Mutane suka tono.»

«Ba su da dangi?»

Bai sami amsa ba. Sai ya yi abin da ya zo yi, wanda ya kamata ya yi tun shekara talatin da suka wuce, lokacin da tsofaffin suna da yawa. Ya fito da littafin rubutu irin na ƴan lakwal, ya tambaye ta labarin kufan da ke bayan gonakinsu, inda gidansu yake kafin shekarar da Nasara suka sa wuta. Ta ce kakarta tana yarinya lokacin, ba ta kai aure ba. An ga hayaƙin garuruwan kudu tun kwana biyu, aka kwashe yara da awaki aka hau tudu cikin sabara, ita aka goya mata ƙanenta, uwar kuma ta koma ɗauko ƙwaryar iri ba ta dawo ba. Ta lissafa gidajen da ke garin ɗaya bayan ɗaya, da maƙerin, da mai rijiyar, da wadda ta fi kowa iya kitso. Wasu sunayen ta maimaita su sau biyu domin ya rubuta daidai. Ya cika shafi huɗu.

Sannan ya tambaye ta inda aka sa waɗanda ba su tsira ba.

Ta ce, «Na sani.» Ta gyara zaninta. «Kakata ta gwada mini, ni kuma ban gwada wa kowa ba. Mi za ka yi da shi, Mushe? Ka rubuta sunayen, su ne naka. Wurin kuwa, hatsi ke bisa.»

Washegari da sassafe ya tafi kufan shi kaɗai. Ba abin da ke nuna gari sai ƴar tudun ƙasa mai duhu fiye da ta kewaye, da tsofaffin kukoki biyu, da katangar tukwane birjik tsakanin kututturan karan bara. A gindin kuka ɗaya ya ga rabin dutsen niƙa a kife. Ya juya shi da ƙyar. Cikinsa ya lotsa ya yi santsi, zurfin ya kai yatsa huɗu. Ya auna da taƙi, ya rubuta a ƙasan sunayen jiya, ya sa kwanan wata. Daga nesa mai gonar ya hango shi, ya ɗaga murya yana tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, dutse yake dubawa. Mutumin ya ce in yana so ya ɗauka, dama yana karya masa hauya kowace shekara. Dattijon ya ce a'a, a bar shi. Ya mai da shi a kife yadda ya same shi, ya kakkaɓe hannu, suka shiga zancen ko ruwan shuka zai sauka kafin ƙarshen wata.